Amsoshin Tambayoyinku: Ana Sayar da Zinaren da Kwastam Ta Kama?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina cin kasuwar Shinkafi da ta Zurmi. Wani ya kira ni ya ce yana da hanya a kwastam, akwai zinaren da aka kama a kan iyakar Nijar za a sayar da araha, in tura kuɗin kafin alƙalami. Shin haka ake sayar da shi?
Daga wani mai karatu, Ƙauran Namoda.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Ba haka ake yi ba.

Kamawa daban, mallaka daban. Ranar da jami'i ya tare mota ya zaro ƙullin zinare daga ƙarƙashin kujera, zinaren bai zama nasa ba, bai ma gama zama na gwamnati ba. Dokar Hukumar Kwastam ta 2023 ta ba mai kaya wa'adin da zai fito ya ce nasa ne, ya kawo takardunsa. In aka yi jayayya, sai Babbar Kotun Tarayya, irin wadda ke Gusau, ta yanke hukuncin ƙwacewa. Bayan nan ne ake maganar sayarwa.

Sayarwar kuma gwanjo ce a bainar jama'a. Tun 2017, zamanin shugaban kwastam Hameed Ali, aka mayar da gwanjon kwastam ta intanet, aka sake buɗe shi a Janairun 2024. Za ka yi rajista da lambarka ta biyan haraji, ka taya, wanda ya fi tayi ya ɗauka, kuɗin kuma asusun gwamnati suke shiga. Galibi motoci ne da kwantenoni ake fitarwa. Babu inda ake turawa a asusun wani mutum.

Zinare ma ya fi mota wuyar sha'ani. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Sayen ɗanyen zinare sai da lasisi, fitar da shi waje sai da izinin ma'aikatar ma'adinai bayan an biya kason gwamnati. In kuma ana zargin halasta kuɗin haram, shari'ar hukumar EFCC ce. Ko gwamnati da ta tashi saye, a fili ta yi: a Yulin 2020 aka gabatar wa Shugaba Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5, Babban Banki ya biya naira miliyan 268.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kake. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga Afrilun 2019 har Disambar 2024, saboda zargin cewa zinaren na ciyar da ta'addanci. Mutumin Zurmi ba sai an ba shi labarin 'yan bindiga ba. A kama ka da zinare babu takarda a wannan yanki, ba asarar jari kaɗai za ka yi ba, tambayoyin da za su biyo baya sun fi ta nauyi.

Kada ka tura ko sisi. Ka ajiye lambar da ta kira ka, ka kai ta ofishin kwastam ko na 'yan sanda mafi kusa.