Yadda Ake Wanke Ƙasa Daga Guba: Darasi Daga Bagega

Manomin fadamar Malam Madori ya san ƙasar da ta gaji, ya kuma san maganinta: taki, ko hutu, ko lakar da ambaliyar Kogin Haɗeja ke kwantarwa. To amma akwai cutar ƙasa wadda hutu ba ya warkarwa. Ganye da kashin dabbobi suna ruɓewa domin ƙananan halittu na cin su. Ƙarafa masu guba irin su dalma kuwa ba su ruɓewa. Inda suka zuba nan za su zauna shekaru aru-aru, sai dai a kwashe su.

An ga haka a Jihar Zamfara. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da turame. Yara kimanin 400 suka rasu.

Me ya sa yara? Da farko, yaro a ƙasa yake wasa, hannunsa kuma ba ya rabuwa da baki. Na biyu, hanjinsa na tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da hanjin babba ke tsotsa. Jiki yakan ɗauke ta a matsayin kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, sai ya buɗe mata hanya har zuwa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ƙosawa ba. Daga nan sai jijjiga da suma. Wanda ya tsira ma yakan tashi da raunin fahimta.

Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Sai dai ba shi da wani amfani idan yaron zai koma gidan da ya ɗebo gubar. Saboda haka likitoci suka kafa sharaɗi: a fara wanke ƙasa, sannan magani ya biyo baya.

Aikin kansa ba shi da wuyar ganewa. Ana auna ƙasa da wata na'urar hannu mai nuna yawan dalma nan take. Inda ta yi yawa, sai a kankare saman ƙasar, kimanin santimita 5, da fartanya da shebur, a zuba a buhuna, a binne a ramin da aka keɓe bayan gari, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Ƙwararrun kamfanin TerraGraphics na Amurka ne suka jagoranta, mutanen gari suka yi aikin. Da taimakon ƙungiyoyin waje aka wanke ƙauyuka 7, ciki har da Dareta da Abare da 'Yargalma, tsakanin 2010 da 2011.

Bagega ta fi su girma, ta kuma fi ƙarfin aljihun masu agaji. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma ba a saki kuɗin ba sai a Janairun 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kiraye-kiraye. Duk tsawon wannan jira, yara kimanin 1,500 suna zaune cikin guba babu magani. Ilimin yana nan, ma'aikata suna nan, kuɗi ne kawai babu. Da suka iso, aka gama aikin cikin 'yan watanni, aka fara yi wa yara magani a wannan shekara. Amurka ta daɗe da gane wannan matsala, shi ya sa ta kafa asusu na musamman don irin wannan aiki tun 1980.

Babu haƙar zinariya a Malam Madori, amma akwai kogi. Ruwan Kogin Haɗeja daga Kogin Kano da na Challawa yake zuwa, a gefen Challawa kuwa akwai masana'antun jimar fata masu amfani da kuromiyam, wanda shi ma ƙarfe ne da ba ya ruɓewa. Lakar da ke ɗauko albarka tana iya ɗauko waninta. Ido ba ya bambance su, sai awo a ɗakin gwaje-gwaje, kuma ɗiban samfurin ƙasar fadama bayan janyewar ruwa aiki ne da ɗaliban sakandare za su iya yi tare da malaminsu.