Matashin Da Aka Ceto Daga Halaka Kansa, Amana Ce A Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci rai Ya girmama shi, Ya sanya kiyaye shi cikin manyan manufofin shari'a.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan wata magana ce wadda ba a son ta da ita a zaure, sai dai a yi ta raɗe-raɗinta a bakin rijiya. Watau maganar samari da 'yan mata, 'yan shekara 13 zuwa 19, waɗanda ƙuncin zuciya kan kai su ga neman halaka kansu, amma da yake akwai sauran shan ruwa a gaba, aka garzaya da su asibiti aka ceto su. Muna so mu duba halin da irin wannan yaro yake ciki, da abin da Musulunci ya ɗora wa iyaye da malamai da maƙwabta tun daga ranar da aka sallamo shi ya dawo gida.

Kada wani ya ce wannan cutar mutanen birni ce ko ta Turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma a ƙididdigarta ta 2021 ita ce ta uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. Wajen kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, kuma kusan ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari na gona ne. To, ƙasarmu ta noman rake da masara da tumatir ce. Tun daga Taba da Kudan da Hunkuyi har Maƙarfi da Ikara, da wuya a shiga gidan manomi ba a sami kwalbar maganin feshi a jingine a bayan ƙofa ba.

HUKUNCIN SHARI'A

Babu saɓani tsakanin malamai cewa kashe kai haramun ne, yana kuwa cikin manyan zunubai. Allah Ya hana shi a Suratun Nisa'i aya ta 29, kuma hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun zo da narko mai tsanani a kansa. Rai ba mallakar mutum ba ne, ajiya ce aka ba shi. Wannan hani katanga ce, kuma Allah kaɗai Ya san yawan bayinSa da ta tare a bakin rami.

Amma mai karatu ya lura da yadda ayar ta ƙare, domin da ambaton jinƙan Allah gare mu aka rufe ta. Malaman Sunna ba su fitar da mai wannan aiki daga Musulunci ba. Gaskiya ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi wa wani mutum da ya kashe kansa salla don jama'a su tsorata, amma bai hana sahabbai ba, kuma a cikin Mudawwana Imamu Malik ya ce a yi wa irinsa salla. Har ila yau Muslim ya ruwaito labarin abokin hijirar Ɗufailu ɗan Amru Addausi, wanda rashin lafiya ya tsananta masa a Madina har ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa a lulluɓe. Da ya ba Annabi labari, sai Annabi ya roƙa wa hannuwan nan gafara.

In haka Manzon Allah ya yi ga wanda ya riga ya mutu, ina ga yaron da yake raye, ƙofar tuba da ta magani duk suna buɗe a gabansa?

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasashe dabam-dabam sun daɗe suna binciken matasan da aka kwantar a asibiti bayan irin wannan yunƙuri, kuma abubuwan da suka samu sun yi kama da juna.

Na farko, mafi yawansu suna ɗauke da wata cuta ta zuciya ko ƙwaƙwalwa wadda ba a lura da ita ba. Wadda ta fi yawa ita ce baƙin ciki mai naci, wanda yanzu ake ce wa ciwon damuwa. Mai shi yakan yi mako biyu ko fiye ba abin da ke yi masa daɗi, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani. A wurin matashi kuwa, sau da yawa cutar ba ta zuwa da kuka. Takan zo da fushi da tsiwa da ƙin aike da faɗuwa a makaranta, ko yawan ciwon kai da ciwon ciki wanda gwaji bai nuna dalilinsa ba. Sai a ce yaro ya kangare, a ƙara masa bulala, alhali jinya yake bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan soma ne tun kafin yaro ya wuce shekara 14.

Na biyu, da yawansu akwai wani rauni da suke ɓoyewa: fyaɗe, ko duka mai tsanani, ko mutuwar uwa, ko rabuwar iyaye, ko gori da wulakanci na yau da gobe. Akwai kuma masu fargaba da firgita ba dare ba rana.

Na uku, shaye-shaye. Kayan maye suna ƙara duhun zuciya, sa'an nan su kwance linzamin hankali. Ba a manta da yadda kodin ya yi wa Arewa ɓarna ba, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tarin da ke ɗauke da shi da shigowa da shi a 2018.

Na huɗu, garaje. Sashen ƙwaƙwalwar da ke auna abin da zai je ya dawo ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda aka ceto suka ce tsakanin shawarar da aikatawa bai kai sa'a guda ba. Akan ce ai don an yi mata faɗa ne, ko don ya faɗi jarrabawa, ko don an hana ta wanda take so. Waɗannan ashana ce kawai, busasshiyar ciyawar ta daɗe a tare.

Na biyar, 'yan mata sun fi yawa cikin masu yunƙurin, samari kuwa sun fi yawa cikin waɗanda ke mutuwa. Kuma akasarinsu ba mutuwar suke so ba, hutu suke nema daga wani raɗaɗi da suka ga kamar ba shi da ƙarshe.

Na shida, wanda ya fi kowanne muhimmanci ga iyaye: babu alamar haɗari da ta kai yunƙurin da aka taɓa yi, kuma haɗarin sake yi ya fi tsanani a makonni da watannin farko bayan sallama daga asibiti. An wanke ciki, an ɗinke rauni, amma ciwon da ya jawo abin yana nan bai taɓu ba.

BAƘIN CIKI BA RASHIN IMANI BA NE

Wasu kan ce ai mumini ba ya shiga irin wannan hali. Lalle imani garkuwa ne, amma bai hana mumini zazzaɓi ba, balle ciwon zuciya. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yakubu wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Suratu Maryam aya ta 23 ta nuna yadda tsananin hali ya sa Nana Maryamu ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana, kuma amsar da aka ba ta lallashi ne da abinci da abin sha. Nana A'isha takan sa a dama wa majinyaci da mai makoki talbina, watau kunun sha'ir, domin Annabi ya faɗi cewa yana sanyaya zuciya.

Malaman Musulunci na da ma sun san wannan cuta ce. Abu Zaidi Albalhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira (934), a cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sananniyar sila, kamar rashin masoyi ko hasarar dukiya, wanda nasiha da kyakkyawar magana ke warkarwa. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba da wani dalili na fili ba, tushensa a jiki yake, kuma sai an haɗa da magani. Ashe ke nan kai yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa ba baƙon abu ba ne a addini. Annabi ya yi umurni da neman magani, kuma addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba su hana shan ƙwayar likita, kamar yadda ba su hana ɗaurin karaya.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

In abin ya auku, a ruga asibiti mafi kusa nan take, a tafi da kwalbar abin da aka sha don likita ya gani. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada kuma a tilasta amai, domin yana iya sauka cikin huhu. Kada kunya ko tsoron hukuma su sa a ɓoye wa likita gaskiya.

Kafin a karɓi sallama, uba ya nemi a haɗa ɗansa da likitan ƙwaƙwalwa. Akwai sashen wannan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙin magani da mutunci. A kiyaye ranakun komawa asibiti, kada a yanke magani don an ga sauƙi.

A gida, a kulle maganin feshi da na ɓera da ragowar ƙwayoyi, mabuɗi a hannun maigida. Kada a raina wannan. Ƙasar Siri Lanka ta hana magungunan feshi mafiya guba, sai mace-macen kashe kai suka ragu da wajen kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A nan gida ma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wasu irinsu a kasuwanni da kantuna a 2019. Mai garaje in bai sami abin a kusa ba, sau da yawa guguwar takan wuce.

Kada a bar yaron shi kaɗai a kwanakin farko, amma a zauna da shi zaman ƙauna, ban da zaman gadin fursuna. A samo wanda ya fi sakewa da shi, ko gwaggo ko kawu ko malaminsa na Islamiyya, ya tambaye shi a fili: "Ɗana, har yanzu tunanin nan yana zo maka?" Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. In kuwa ya soma rabar da kayansa, ko neman gafara kamar mai ban kwana, ko faɗin cewa ya zame wa mutane kaya, a koma asibiti a ranar.

A cire ƙayar da ta soke shi. In auren dole ne, uba ya tuna Annabi ya warware auren Hansa'u 'yar Hizamu, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ba wata budurwa zaɓi a kan irin haka. In cin zarafi ne, a tsaya wa yaro a ƙwato masa haƙƙinsa.

Sa'an nan a kame baki. An taɓa kawo wa Annabi wani mashayi aka yi masa haddi, wani daga cikin jama'a ya yi masa addu'ar wulakanci, sai Annabi ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwa. To, duk wanda ya yi wa yarinyar nan gori a gidan biki, ko ya yaɗa labarinta a waya, ya san wa yake taimako. Liman kuma in zai yi huɗuba a kan haramcin, ya haɗa da rahama da hanyar magani, domin wataƙila a sahu na uku akwai mai ɗauke da wannan nauyi.

Kai kuwa ɗana, ko ke 'yata, in wannan darasi ya iske ki cikin irin wannan duhu, ki sani cuta ce mai magani, kuma da yawa sun warke sun yi aure sun ga jikokinsu. Ki faɗa wa wani babba yau, kada ki bari sai gobe. Allah Ya hana mu yanke ƙauna daga rahamarSa a Suratuz Zumar aya ta 53, Ya kuma sanar da mu a Suratul Ma'ida aya ta 32 cewa ceton rai guda kamar ceton mutane ne baki ɗaya.

Allah Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Amin.