Amsar Tambaya: Tausar Tafin Ƙafa

Tambaya: Wani mai tausar tafin ƙafa ya ce zai raba mahaifiyata da ciwon suga, amma sai na biya kuɗin zama goma a dunƙule. In biya? Daga wata 'yar'uwa a Ajingi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kada ki biya. Tausa tana rage gajiya, amma ba ta warkar da suga. Ƙafar mai suga kuwa takan daina ji. Sai a danna da ƙarfi, ɗan rauni ya zama gyambo ba ta sani ba.

Ki fara kai ta Babban Asibitin Gaya a duba ƙafar. In likita ya amince, ki tambayi mai tausar inda ya koya, ki ga takardar shaidarsa, ki biya kuɗin zama ɗaya kawai. In ya ce ta daina shan maganinta, ki sallame shi nan take.