Darasin Lafiya: Shiga Tsere a Ranar da Ake Iska

Da zarar zafi ya sassauta a Jidda, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, ƙananan ƙungiyoyin motsa jiki sukan fara shirya tseren kilomita 5 ko 10, galibi a bakin teku. Tun da aka yi babban gudun famfalaki na Riyad a Maris 2022, aka kuma yi na kilomita 21 a nan Jidda a Disambar wannan shekarar, sha'awar gudu ta ƙaru. Mu da filin wasa na Amir Abdullahi Al-Faisal yake unguwarmu ta Waziriyya, ba baƙi ba ne ga wasanni. Sai dai akwai abokin gāba guda da masu gudu kan manta da shi, wato iska. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. To, mai gudu ma tana wahalar da shi, wani lokaci har ta kai shi asibiti.

Na ɗaya: San iskar garinka

A mafi yawan kwanakin shekara iskar Jidda daga arewa ko arewa maso yamma take busowa, ta biyo tsawon Bahar Maliya. Takan yi sauƙi da sassafe, ta ƙara ƙarfi daga azahar zuwa la'asar. Da yake titin Kurnish ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa, wanda ya nufi arewa gaba da gaba zai yi da iska, in ya juyo kuma tana bayansa.

Akwai iska ta biyu da mutanen Jidda ke kira Azyab. Daga kudu take zuwa, tana ɗauke da zafi da ƙura. Ƙurarta kan tuna wa dattawa hazon hunturu na Kano ko Maraɗi, amma hunturu sanyi yake kawowa, ita kuwa zafi take ƙarawa. Ranar Azyab ba ranar tsere ba ce ga mai asma ko ciwon ƙirji.

Na biyu: Me ya sa iska ke cinye ƙarfi

Ko babu iska, mai gudu yana keta ta ne da ƙirjinsa. Ƙa'idar ita ce, in saurin iskar da ke bugun jikinka ya ninka biyu, turin da take yi maka sau huɗu yake ninkawa.

Ga misali. Kana gudun kilomita 12 a awa, iska kuma na tahowa daga gabanka da saurin kilomita 12 a awa. Jikinka zai ji kamar 24, turi ya ninka huɗu ke nan. Da ka juyo, kai da iska tafiyarku ɗaya, turi ya koma babu. A ranar da ba iska, zuwa ɗaya ne dawowa ɗaya, jimla biyu. A wannan ranar zuwa huɗu ne dawowa babu, jimla huɗu. Ka ga abin da iska ta karɓe a zuwa, ba ta mayar da shi duka a dawowa. Don haka kada ka sa ran lokacin da ka saba yi.

Masana sun daɗe da sanin haka. A 1971 wani likita ɗan Ingila mai suna Griffith Pugh ya auna cewa wanda ke gudu daf da bayan wani yana rage ƙarfin da yake kashewa da kusan kashi 6 cikin 100. Da wannan dabarar aka taimaki Eliud Kipchoge ɗan Kenya a birnin Biyana ranar 12 ga Oktoba 2019, inda wasu 'yan gudu suka jeru gabansa suna tare masa iska, ya gama kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40.

Na uku: Inda haɗarin yake

Yawancin mutane suna tsoron rabin da ake fuskantar iska. Ta fuskar lafiya kuwa, rabin dawowa ya fi haɗari. Jiki yana huce zafi ne in gumi ya bushe a fata. Lokacin da iska ke bugun ƙirjinka, gumi na bushewa nan take, kana jin sanyi-sanyi, ba ka san ruwa na fita daga jikinka ba. Da ka juyo, iskar ta daina taɓa ka, ga danshin teku da ke hana gumi bushewa, ga shi ƙafa ta yi sauƙi kana ƙara sauri. A nan zafin jiki ke hawa da gaggawa.

Alamomin da za su sa ka tsaya nan take: jiri, tashin zuciya, ciwon kai mai tsanani, ciwo ko nauyi a ƙirji, numfashi mai ƙara kamar usur, tangaɗi. In ka ga ɗan'uwanka ya rikice, yana magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki, a kira 997 ko 911. Kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki.

Na huɗu: Yadda za ka yi a ranar tsere

Tun da dare ka duba sanarwar Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa. In an yi gargaɗin ƙura, ka haƙura, wani tseren na nan tafe.

Ka sa riga marar nauyi wadda ta kama jiki, don babbar riga cika take da iska tana jan ka baya. Ka ɗaure hula da kyau, ka sa tabarau saboda yashi.

A rabin da iska ke gabanka, ka auna kanka da numfashinka, ba da agogo ba. Ka ɗan rusuna kaɗan, ka taƙaita taku, ka saki kafaɗu. Ka shiga cikin ayari, ka bi bayan wani da tazarar taku ɗaya ko biyu. Amma a yi adalci: wanda ya tare maka, kai ma ka tare masa.

A rabin dawowa, kada ka biye wa sauƙin da kake ji. Ka kurɓi ruwa a wuraren da aka tanada, ka zuba wani a ka da wuya. Kada kuma ka yi ta ɗirkar ruwa fiye da ƙishirwarka, domin yawansa na rage gishirin jini, shi ma ciwo ne.

Na biyar: Ga iyayenmu da masu jinya

Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko asma, ya ga likitansa kafin ya rubuta suna. Ana iya neman shawara ta lambar Ma'aikatar Lafiya, 937. Mai suga ya auna kafin tashi, ya riƙe dabino a aljihu, ya duba ƙafafunsa bayan ya gama. Mai asma kada ya rabu da abin shaƙarsa.

Ba dole sai an yi tsere ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da ɗan sauri bayan asuba ta wadatar. Dabarar dattijo ita ce ya fara da fuskantar iska tun yana da ƙarfi, ya dawo tana bayansa a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyin bita

1. Daga wane ɓangare iskar Jidda ta fi busowa, kuma yaushe take ƙara ƙarfi?
2. Me ya sa rabin dawowa ya fi haɗari ga lafiya?
3. Waɗanne alamomi ne za su sa mai gudu ya tsaya?

A tattauna waɗannan a gida, musamman da matasan da ke shirin shiga tsere a bana. Allah ya ƙara mana lafiya.