Bishiyar Turaren da Ake Fargabar Ɓacewarta

Wani mai sauraronmu daga Daura ya aiko da tambaya: shin akwai irin bishiyar turare da ke fuskantar barazanar ƙarewa?

To, malam, akwai. Turaren da ake dasawa a Arewa don tare iska da kwararowar hamada asalinsa daga Ostireliya ne, inda danginsa suka haura iri 700. Cikinsu akwai Eucalyptus camfieldii, wanda masanin tsirrai Joseph Maiden ya yi bayaninsa a 1920. Yana fitowa ne a ƙasa mai rairayi kusa da gaɓar teku, a kewayen birnin Sidni da arewacinsa. Gajere ne, ɓawonsa zare-zare, ganyensa na ƙuruciya mai siffar zuciya. Yana da kututture a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa in gobara ta cinye shi sai ya sake toho.

Amma gobarar da ta cika yawa, da share daji don gina gidaje da hanyoyi, sun rage shi ƙwarai. Dokar kare muhalli ta Ostireliya ta 1999 ta sa shi cikin tsirrai masu rauni, ana kuma kiyaye shi a gandun daji irin su Royal National Park.