Labarin Masu Goge Huɗu na Amadeus

Cikin kiɗe-kiɗen Turawa akwai wani iri da a ke kira kiɗan ɗaki, watau wanda makaɗa kaɗan ke yi a zaure. Mafi daraja a cikinsa shi ne na masu goge huɗu. Gogen nasu ya yi kama da namu, gama da izgar doki a ke goga shi, amma tsirkiyarsa huɗu ce, namu kuwa ɗaya. Mutum biyu suna riƙe da ƙanana masu siririyar murya, na uku yana da matsakaici, na huɗu kuwa babba mai kaurin murya, wanda a ke tsai da shi tsakanin gwiwoyi. Ba ganga, ba mawaƙi, ba kuma shugaba a gabansu da sanda. Abin da za su kaɗa a rubuce ya ke, gwanayen tsara kiɗa irin su Haidin da Mozat da Betoben su suka bar shi. To, da ya ke babu jagora, tilas kowa ya kasa kunne ga sauran ukun. Abin da mu ke so mu duba ke nan cikin labarin ƙungiyar Amadeus.

A shekarar 1938 Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus, aka tasam ma Yahudawa da tsanani. Cikin waɗanda suka gudu zuwa Ingila akwai samari uku, Norbert Brainin da Siegmund Nissel da Peter Schidlof. A 1940, ana tsakiyar yaƙi, sai gwamnatin Ingila ta tsare su a sansani, wai mutanen ƙasar abokan gaba ne, alhali kuwa ƙasar nan ita ta koro su. Cikin wannan ƙunci suka san juna. Schidlof ya fara gamuwa da Brainin a wani sansani, sa'an nan ya sadu da Nissel a Tsibirin Man. Da aka sake su, wani malamin goge, Max Rostal, ya koyar da su bai karɓi ko anini ba. Ta wajensa kuma suka san Martin Lovett, mutumin Landan, mai babban goge.

Amma fa samarin nan uku duk ƙaramin goge suka koya, ga shi kuwa mutum biyu kaɗai a ke bukata. Sai Schidlof ya haƙura ya koma matsakaici, wanda muryarsa takan ɓuya ƙarƙashin ta sauran. Da haka ƙungiya ta tsaya a 1947. Ran 10 ga Janairu 1948 suka fito a zauren Wigmore na Landan da sunan Amadeus, watau sunan tsakiya na Mozat.

Daga nan sunansu ya game duniya. Suka kewaya Turai da Amurka da Japan, suka ɗauki kiɗe-kiɗen Betoben goma sha shida na masu goge huɗu a faifai, duk da na Mozat masu yawa. A 1975 Benjamin Britten, babban mai tsara kiɗa na Ingila, ya rubuta musu wani kiɗa musamman, suka kaɗa shi karo na fari a Disamba 1976, mako biyu bayan rasuwarsa. Suka kuma koyar da matasa a Kolon ta Jamus da Landan.

Kada mu zaci kullum bakinsu ɗaya ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Takarda ba ta faɗin kome da kome. Ba ta ce ga iyakar sauri ba, ko ga wanda zai sassauta hannu don a ji ɗan'uwansa. Wajen gwaji sukan yi gardama mai zafi a kan waɗannan abubuwa, kowa ya kawo hujjarsa. Amma in sun hau dandali, maganar da aka yanke ita kowa zai bi.

Shekara arba'in suka yi haka, ba su sake mutum ko ɗaya ba, abin da ya yi wuya ainun cikin irin wannan sana'a. A Agusta 1987 Schidlof ya rasu. Gwanayen matsakaicin goge suna nan da yawa, amma sauran ukun ba su nemi kowa ba, suka rufe ƙungiyar. Sun san muryar Amadeus ta mutum huɗun nan ce, wadda suka gina da sauraron juna, ba a kuwa aro ta. Brainin ya rasu a 2005, Nissel a 2008, Lovett kuwa a 2020.

Faifansu suna nan har yanzu. In muka sami zarafin sauraro, bari mu daure mu bar bin muryar goge na fari, mu nemi ta Schidlof a tsakiya. Can za mu ji yadda ya ke riƙe da na sama da na ƙasa, da dalilin da ya sa abokansa suka ƙi ci gaba ba shi.