Yadda ake auna hayaniyar wayar lantarki a fitar da lissafinta

Wayar da ke kawo wuta gida tana iya ɗaukar saƙo. Mitar zamani kan ɗora ƙaramar sigina a kan wutar, ta aika adadin da aka sha zuwa na'urar da ke jikin taransufoma. Abin da ke kashe saƙon shi ne hayaniyar da kayan wuta ke zubawa a layin. Ɗalibin injiniya ko mai haɗa sola ta gari guda a Isa ko Sabon Birni, kafin ya sayi mita, ya kamata ya san irin hayaniyar layinsa.

Da farko ka nemi izinin mai layin. A Jihar Sakkwato, layin gwamnati yana hannun Kaduna Electric. Kada ka kuskura ka jona osiloskof kai tsaye da wuta mai bolt 230. Sa matacin sigina a tsakani, wato kafasita da ƙaramar taransufoma, ya tare wutar mai zagaye 50 a daƙiƙa, ya bar siginar sama ta wuce.

Sai ka zaɓi zangon da za ka saurara. Mitoci masu bin tsarin PRIME ko G3-PLC galibi suna aiki ƙasa da kilohaz 95, don haka ɗaukar awo sau 500,000 a daƙiƙa ya wadatar.

Wurin awo da lokacinsa su ne rabin aikin. Auna kusa da injin niƙa mai amfani da lantarki, da rumfar mai walda, da shagon cajin waya inda caja da yawa ke kan soket ɗaya, da gidan da ke da inbata. Auna da asuba, auna ranar kasuwa, ka koma bayan magariba lokacin da kowa ya kunna fitila. Rubuta abin da ke kunne a kowane awo, domin awon da ba a san me ya haddasa shi ba, ba ya da amfani.

Daga nan ka rarrabe abin da ka kwaso. A 2002, Zimmermann da Dostert na Jami'ar Karlsruhe ta Jamus sun kasa hayaniyar gida biyar. Akwai gunjin ƙasa-ƙasa wanda ke raguwa idan aka hau zango, akwai kutsen tashoshin rediyo, akwai fashewa iri biyu masu maimaituwa, ɗaya tana bin zagayen wuta, ɗaya ba ta bi, sai fashewar ba-zata da kunna inji ko kashe shi ke jawowa. Biyun farko ba su cika sauyawa ba, layi ɗaya na lissafi ya ishe su. Ta ƙarshen ce muguwa.

Don ita, fara da lissafin da David Middleton ya fitar a shekarun 1970, wanda ake kira Aji A. Lamba biyu yake buƙata: yawan faruwar fashewa, da ƙarfin gunji idan an gwada shi da ƙarfin fashewar. Sai dai yana ɗauka kowace fashewa ba ruwanta da wadda ta gabace ta, alhali walda a jere take zubo su, kamar ruwan Agusta. Don haka ka ɗora sarƙar Markov a kai, mai hali biyu, shiru da rikici, ka ƙidaya daga awonka sau nawa layin ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

A nan ne nake ganin masu kwafo lambobin Turai ke yin asara. Fashewar da ke bin zagayen wuta tana dawowa duk milisakan 10 ko 20 idan wutar na tsaye a kan zagaye 50. Amma idan an ɗauke wuta aka tada janareta, zagayen yakan yi sama ya yi ƙasa. Saboda haka ka yanka awonka daga inda wutar ke ratsa sifili, kada ka bi agogon kwamfuta. Kuma ka ware lissafi daban-daban ga wutar kamfani, da ta janareta, da ta inbata.

A ƙarshe ka sa kwamfuta ta ƙirƙiri hayaniya da lambobinka, da Python ko GNU Octave, dukansu kyauta ne. Tura saƙon gwaji ta cikinta, ka tura ta cikin wani awo da ka ajiye ba ka taɓa ba. Idan yawan saƙon da ya lalace ya yi nisa da juna, koma kan tsawon fashewar, galibi nan kuskuren yake. Sake awon da damina, domin jiƙewar mahaɗin waya na canza hayaniyar.